Yadda za ka auna binciken da ke danganta sinadaran testosteron da ciwon zuciya

Lokaci zuwa lokaci akan ji labarin cewa masu bincike sun gano wani sinadari da jiki ke samarwa daga testosteron yana da hannu a ciwon zuciya, kuma irin wannan labari ba ya wuyar yaɗuwa, domin ya taɓa abubuwa biyu da ke damun maza ƙwarai, wato ƙarfin mazakuta da tsoron mutuwar fuju'a. Wanda likita ya ɗora a kan man shafawa na testosteron sai gabansa ya faɗi, wanda kuma yake shan maganin sanƙo ko na kumburin furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), maganin da ke rage ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai, sai ya ɗauka ya samu garkuwa ba tare da ya nema ba. Dukansu biyu suna iya yin kuskure, kuma kuskuren yakan fara ne daga rashin tambayar wane sinadari ake magana a kansa, a jikin wa aka gwada shi, da kuma wace irin hanya aka bi wajen binciken.

Fara da tantance sinadarin

Testosteron homon ne, wato sinadarin da ke bin jini yana kai saƙo ga gaɓoɓi, kuma 'ya'yan maraina ne ke samar da mafi yawansa a jikin namiji, mata ma suna da shi amma kaɗan. Ba ya zama a siffa ɗaya bayan ya shiga jini. Wani inzayim (sinadarin da ke juya wani sinadari zuwa wani a cikin jiki) da ake kira 5-alfa ridaktes, wanda yake da yawa a fata da furostet da hanta, yana juya wani kaso nasa zuwa daihaidurotestosteron, wanda aka fi sani da DHT. Yawan DHT a cikin jini bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na testosteron ba, amma ya fi shi kama makarɓar homon a ƙwayoyin jiki da ƙarfi, kuma shi ne ke bayan fitowar gemu da gashin jiki, da sanƙon maza, da girman furostet idan shekaru suka ja. Wani inzayim ɗin kuma, aromates, wanda yake da yawa a cikin kitse, yana juya testosteron zuwa estiradiyol, homon ɗin da aka fi dangantawa da mata, alhali ƙashin namiji ma yana bukatarsa. Akwai wasu ƙananan sinadarai da hanta da sauran gaɓoɓi ke samarwa a kan hanyar fitar da testosteron daga jiki, daga cikinsu akwai 6-beta haidurokzitestosteron.

Saboda haka idan ka ga labarin, ka nemi sunan sinadarin tun a layukan farko. Idan labarin bai ambaci suna ba, sai faɗin "homon ɗin maza" kawai, to wanda ya rubuta shi bai karanta binciken da kyau ba, ko kuma ya ga cewa sunan zai rage wa labarin armashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sinadaran nan ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma abin da ya tabbata a kan ɗaya ba ya hawa kan ɗaya.

Ka duba a jikin wa aka yi gwajin

Yawancin binciken da ya nuna hanyar da sinadarin testosteron zai iya cutar da zuciya kai tsaye an yi shi ne a kan ɓeraye. A shekarar 2015 wasu masana a Jami'ar Tenesi da ke birnin Memfis a Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da 6-beta haidurokzitestosteron. Sun ɗura wa ɓeraye maza anjiyotensin na biyu, wani sinadari da ke matse jijiyoyin jini, sai jininsu ya hau kuma zuciyarsu ta fara lalacewa. A ɓerayen da aka fiɗiye, da waɗanda aka cire musu ƙwayar gadon da ke samar da inzayim mai suna CYP1B1, wanda ke juya testosteron zuwa sinadarin na 6-beta, hawan jinin ya ragu sosai. Da aka ba waɗannan ɓerayen sinadarin na 6-beta, sai hawan jinin ya dawo. A wannan shekarar kuma wasu masana a makarantar likitanci ta Hanoba a Jamus suka matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciyar ɓeraye domin su sa zuciyar ta yi kauri, sannan suka ba wasunsu finasteraid, maganin da ke hana a juya testosteron zuwa DHT, suka ga kaurin ya ragu kuma aikin zuciyar ya inganta.

Waɗannan bincike ne masu daraja, kuma da irinsu ake gano inda za a nemi sabon magani. Amma ka lura da yanayin da aka yi su. Ɓeran ɗakin gwaji matashi ne, jininsa ɗaya da na 'yan uwansa, ba ya shan taba, kuma masu binciken ne suka ƙirƙirar masa ciwon cikin 'yan makonni, alhali ciwon zuciyar ɗan Adam yakan ɗauki shekaru masu yawa yana taruwa a jikin da ke fama da suga ko ƙiba ko hawan jini na gado. Haka kuma a jikin mutum wani inzayim na hanta mai suna CYP3A4 shi ne babban mai samar da sinadarin na 6-beta. Don haka idan ka ga kalmar ɓera a cikin rahoton, ka ɗauki sakamakon a matsayin tambayar da aka buɗe, kada ka canza ko ƙwayar magani ɗaya saboda shi.

Idan a kan mutane ne, ka tambaya ko kallo aka yi ko gwaji

Nan ne mafi yawan ruɗani yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Akwai binciken da ake ɗebe jinin dubban mutane, a auna homon ɗinsu, sannan a bi rayuwarsu shekara da shekaru a ga waɗanda suka kamu da ciwon zuciya. Ba a ba kowa komai, kallo kawai ake yi. Abin mamaki shi ne irin wannan bincike bai goyi bayan sakamakon ɓeraye kai tsaye ba. A birnin Pat na Ostireliya an bi tsofaffin maza fiye da 3,000 masu shekaru 70 zuwa 89, kuma rahoton da aka fitar a 2014 ya nuna cewa waɗanda DHT ɗinsu ya fi yawa sun fi ƙarancin mutuwa ta dalilin toshewar jijiyoyin zuciya. A 2024 kuma aka haɗa bayanan bincike da dama daga ƙasashe daban-daban, sai aka ga alaƙar DHT da mutuwa ba a miƙe take ba: masu ƙarancinsa sosai da masu yawansa sosai duk sun fi na tsakiya haɗari.

Yaya za ka fahimci wannan? Da farko ka tuna cewa ciwo da kansa yana sauke testosteron. Ƙiba, ciwon suga, ciwon ƙoda, rashin isasshen barci, da wasu magunguna masu ƙarfi na kashe zafin ciwo duk suna rage shi, kuma idan ya ragu DHT ma yakan bi shi ƙasa. Mutumin da aka auna aka ga homon ɗinsa ya yi ƙasa, sannan bayan shekara biyar zuciyarsa ta buga, mai yiwuwa ne tun ranar da aka ɗebi jininsa ciwon yana jikinsa, kuma ciwon ne ya sauke homon ɗin. Ganin ungulu a kan mushe ba ya nuna ita ta kashe dabbar. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin shekaru da nauyi da shan taba ta hanyar lissafi, amma lissafi ba ya iya cire abin da ba a auna ba.

Sai ka duba hanyar da aka bi wajen aunawa. DHT kaɗan ne a jini kuma siffarsa ta yi kama da ta testosteron, don haka tsofaffin hanyoyin gwaji sukan rikita su. Binciken da ya yi amfani da na'urar da ke tantance sinadari ta nauyin ƙwayarsa ya fi abin dogaro. Ko da an auna daidai ma, abin da ke cikin jini ba lallai ne ya nuna abin da ke cikin tsokar zuciya ko bangon jijiya ba, tun da a cikin gaɓoɓin ne ake samar da mafi yawan DHT kuma a can yake aikinsa.

Akwai wata hanya ta tsakiya da ake duba ƙwayoyin gado waɗanda ke sa wasu maza su kasance da testosteron mai yawa tun daga haihuwa. Wani bincike irin wannan da aka fitar a 2019, wanda ya dogara da bayanan dubban ɗaruruwan mutanen Birtaniya, ya danganta irin wannan gadon da ƙarin haɗarin daskarewar jini da gazawar zuciya a maza. Hanya ce mai wayo domin ciwo ba ya canza gadon mutum, amma tana magana ne a kan tasirin rayuwa gaba ɗaya, ba a kan maganin da aka fara sha a shekara sittin ba.

Gwajin da aka raba mutane gida biyu

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce gwajin da ake raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi maganin gaske, a ba rabi abin da ya yi kama da shi amma babu sinadari a ciki, kuma ba majiyyaci ba likita babu wanda ya san abin da kowa ya samu. Tun da duk wanda aka ba testosteron DHT ɗinsa yakan hau, musamman mai shafa shi a fata saboda yawan inzayim ɗin da ke wurin, gwaje-gwajen testosteron suna ba da haske a kan sinadaransa ma.

A 2010 an dakatar da wani gwaji a Amurka kafin lokacinsa. Tsofaffi 209 ne a ciki, matsakaicin shekarunsu 74, masu raunin jiki, kuma mutum 23 daga cikin masu shafa testosteron sun samu matsalar zuciya ko jijiyoyi, idan aka kwatanta da mutum 5 a ɗaya ɓangaren. Wannan ya tayar da hankali, duk da cewa mutanen ba su da yawa kuma ba domin auna lafiyar zuciya aka tsara gwajin ba. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗi a jikin magungunan testosteron, ta kuma bukaci kamfanoni su yi babban gwaji. Sakamakon wannan gwaji, mai suna TRAVERSE, ya fito a 2023. An sa maza fiye da 5,200 masu shekaru 45 zuwa 80, dukansu masu ciwon zuciya ko masu haɗarin kamuwa da shi, kuma dukansu an tabbatar suna da ƙarancin testosteron tare da alamominsa. Bayan an bi su na kimanin wata 33, kashi 7 cikin 100 na masu shafa testosteron sun samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko sun mutu ta dalilin zuciya, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 7.3 ne. A taƙaice babu bambanci.

Sai dai kada ka tsaya a wannan layin, domin akwai sauran magana a cikin rahoton. Rikicewar bugawar zuciya ta samu kashi 3.5 na masu maganin da kashi 2.4 na sauran. Gudan jini a huhu ya samu kashi 0.9 da kashi 0.5. Raunin ƙoda na farat ɗaya kuma kashi 2.3 da kashi 1.5. Fiye da rabin mutanen sun daina shafawa kafin ƙarshen gwajin, abin da ke rage ƙarfin sakamakon. A 2025 hukumar ta Amurka ta sassauta tsohon gargaɗin saboda wannan gwaji, amma ta ƙara wani sabo a kan hawan jini.

Lambobin gudan jinin nan suna koyar da wata dabara da za ta yi maka amfani a kowane labarin lafiya. Mai son jan hankali zai rubuta cewa haɗarin ya kusa ninkawa, kuma bai yi ƙarya ba, domin 0.9 ya kusa ninka 0.5. Amma idan ka mayar da shi zuwa mutane, magana ce ta mutum 9 cikin 1,000 da mutum 5 cikin 1,000, wato ƙarin mutum 4. Ga wanda bai taɓa samun daskarewar jini ba wannan ƙaramin ƙari ne, ga wanda ya taɓa samu kuwa abin tsayawa ne a yi shawara. Kullum ka nemi adadin mutane na zahiri, kada ka wadatu da "ninki biyu" ko "ƙarin kashi hamsin".

Ka bambanta magani da ɗirkar sinadari

Gwaje-gwajen maganin da aka ambata a sama sun shafi mazan da aka mayar da homon ɗinsu zuwa matsayin da ya dace da lafiyayyen namiji. Masu ɗaga ƙarfe da ke yi wa kansu allurar testosteron da dangoginsa domin gina tsoka suna amfani da abin da ya ninka na magani sau da yawa, kuma wasu daga cikin sinadaran da suke amfani da su daga DHT aka ƙera su. A wannan fagen babu wani kokwanto. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2017 ya duba zuciyar masu ɗaga ƙarfe 140, inda 86 daga cikinsu suka yi amfani da irin waɗannan sinadarai na aƙalla shekara biyu. Ɗakin hagu na zuciyarsu yana tura kimanin kashi 52 cikin 100 na jinin da ke cikinsa a kowace bugawa, na waɗanda ba su taɓa sha ba kuwa kashi 63, kuma jijiyoyin zuciyar masu shan sun fi tara daskararren kitse. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cancanci tsoro, amma shi ne ya fi ƙarancin samun kulawa, saboda mai irin wannan jiki kowa na ganinsa a matsayin ƙarshen lafiya.

Abin da za ka yi da kanka

Idan kana zargin testosteron ɗinka ya yi ƙasa, kada ka fara da sayen magani, ka fara da gwajin da aka yi yadda ya kamata. Ana ɗiban jinin ne da safe kafin a ci abinci, domin homon ɗin ya fi yawa a lokacin kuma yana sauka da yamma da bayan cin abinci, sannan a maimaita a wata ranar daban. Kada a yi gwajin lokacin da kake kwance da zazzaɓi ko wata rashin lafiya, domin zai fito ƙasa da yadda yake. Ƙungiyoyin likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da nanogiram 300 a kowace desilita a matsayin ƙaranci, kusan nanomol 10.4 a lita ke nan idan ɗakin gwajin da wannan ma'aunin yake aiki, amma lambar kaɗai ba ta isa ba sai an haɗa da alamomi irin su raguwar sha'awa da raunin gaba. Gajiya kawai ba hujja ba ce, domin abubuwan da ke jawo ta sun fi a ƙirga. Ba ka bukatar biyan kuɗin auna DHT domin sanin lafiyar zuciyarka, tun da babu wata ƙa'idar likitanci da ke amfani da shi a wannan aikin.

Kafin a rubuta maka maganin, ka gaya wa likita idan ka taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a 'yan watannin baya, ko daskarewar jini a ƙafa ko huhu, ko rikicewar bugawar zuciya, ko ciwon ƙoda, ko kuma kana yin minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Ka gaya masa kuma idan kana son haihuwa, domin testosteron na waje yana sa maraina su rage samar da maniyyi, wani lokaci har su daina, kuma maza da yawa ba sa sanin haka sai bayan sun yi watanni suna amfani da shi.

Bayan an fara, abubuwa biyu ne za ka fi sa wa ido. Na farko hawan jini, wanda za ka iya aunawa a gida ka rubuta. Na biyu kaurin jini, domin testosteron yana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, kuma idan kasonsu ya haura 54 cikin 100 likita zai dakatar da maganin ko ya rage shi. Akan auna wannan kafin a fara, da bayan wata uku zuwa shida, sannan sau ɗaya a shekara, tare da gwajin furostet ga waɗanda shekarunsu suka kai.

Wanda yake shan finasteraid ko dutasteraid saboda furostet ko sanƙo ya ci gaba da sha kamar yadda aka rubuta masa. Na farkon yana rage DHT na jini da kimanin kashi 70 cikin 100, na biyun da fiye da kashi 90, amma babu hukumar da ta amince da ɗayansu a matsayin maganin zuciya, kuma gwajin ɓerayen Hanoba bai isa dalilin da zai sa wani ya fara sha ba. Abin da ya kamata mai shan su ya tuna shi ne suna sauke sakamakon gwajin PSA, wato gwajin jinin da ake yi domin neman alamar kansar furostet, da kusan rabi, don haka dole ne duk likitan da zai karanta wannan gwajin ya san ana shan su, kada ya ga lamba ƙarama ya ɗauka babu matsala.

Sauran aikin kuma a kan abubuwan da aka daɗe da tabbatarwa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyi sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma manyan masu laifin su ne hawan jini, taba, suga, kolestirol, ƙiba da zaman wuri ɗaya. Rage nauyi yana da riba biyu ga namiji mai teɓa, domin yana sauƙaƙa wa zuciya aiki kuma sau da yawa yana ɗaga testosteron ba tare da magani ba. Idan kuwa kana amfani da testosteron sai ka ji nauyi ko matsewa a ƙirji, ko numfashi ya yi maka wuya kwatsam, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, to ka tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, ka kuma faɗa musu sunan abin da kake shafawa ko allurar da kake yi da adadinta, ko da ba likita ne ya rubuta maka ba.